Tifar Yashin Dokta

'Yan uwa masu bibiyar labarina, ku yi min uzuri in kun ga rubutun yau yana tafiya a karkace. Da babban yatsa ɗaya nake danna wayar nan, sauran duk sun yi bororo. Kuma tun yanzu ina roƙo, kada wata ta rubuto min a ƙasa cewa "ke dai ba ki da godiya." Na ji wannan maganar a gida har ta ishe ni.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, ko da yake na gama jami'a har na fara manta abin da na karanta. Tun rasuwar Babanmu daga ni sai Mama sai Yayana namiji a gidan. Sai kuma Dokta, likitan haƙori, wanda ke nemana da aure. In kuka ji Mama na yabonsa za ku rantse ita ta haife shi, ni ce aka tsinto a hanya.

Gaskiya ɗaya ce, Dokta ba shi da mugun hali. Ba ya ƙarya, ba ya tsawa, ga tsafta, farar rigarsa ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame. Matsalarsa guda ce tak, ba ya iya ganin abu a hannuna ya bar shi. Jaka, ya karɓa. Gorar ruwa, ya buɗe min. Na ce ina son koyon tuƙi, washegari sai ga direba a ƙofar gida. Na ce zan yi wa ɗakina fenti da kaina don nishaɗi, kafin in dawo daga sayen buroshi masu fenti sun gama sun tafi, kuma ba ma launin da nake so ba. In na yi ƙorafi Mama ta ce, "Wasu na neman mai ɗauke musu tsinke sun rasa." Sai in haɗiye. Amma abin yana cina, don na wayi gari babu wani abu a duniyar nan da zan nuna in ce ni na yi wannan.

Ƙawata Barkono ce ta ja ni aikin sa-kai. Sunan ya bi jiki, 'yar mitsitsiya ce amma in ta taɓa ka sai ka yi hawaye. Wata ƙungiyar motsa jiki ce ke shirya tseren tsallake shingaye a wani babban fili a bayan gari. Mutum zai yi gudu, ya haura katangar katako, ya bi ta cikin tayoyi, ya yi lilo da igiya, daga ƙarshe ya yi rarrafe a ramin laka a ƙarƙashin raga. Bana ne karon farko da aka sa zagayen mata, kuma ana neman masu taimakawa a kafa kayan.

Ranar da aka raba aiki, mai gudanar da abin, wani dattijo mai furfura da usur a wuya da kowa ke ce wa Koci, ya tura duk matan rumfa. Wasu su rubuta sunaye, wasu su raba ruwa. Da ya zo kan ramin laka babu namijin da ya ɗaga hannu, don shi ne aiki mafi wahala. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Ke?" in ji Koci. "Kin taɓa riƙe diga?"

"Ban taɓa ba."

"Kin san dokata?"

Na girgiza kai.

"Duk wanda ya sa hannu a gina shinge, shi zai fara bi ta cikinsa a gaban kowa, ana gobe tsere. An taɓa bar min ƙusa a katanga ta yage tafin wani. Tun ranar na gane mutum ba ya barin ƙusa a inda ya san shi zai dafa. In mai shinge ya ƙi shiga, in cire shingen daga tsere. Kin yarda ki kwanta a laka?"

"Na yarda."

Barkono ta ce ita ma a sa ta, kada in mutu ni kaɗai.

Jama'a, na haƙa rami. Duk ƙarshen mako ina filin nan cikin tsohuwar rigar Yaya da dogon wando da takalmin roba. Ranar farko na kasa ɗaga cokali da na koma gida. Amma a hankali ramin ya miƙe, dogo, zurfinsa zuwa gwiwa. Da hannu na bi shi ina tsince duwatsu da fasassun kwalabe, don na san cikina ne zai fara bi ta wajen. Na ɗaga turakun raga sama kaɗan saboda mata masu doguwar riga da ɗankwali, kada raga ta riƙa fizge su. Koci ya zagayo ya duba, ya ce, "Hmm." Waɗanda suka san shi suka ce wannan "hmm" ɗin ita ce lambar yabonsa mafi girma.

A gida kuwa wani kiɗan ake. Wata rana ina fitowa daga wanka na jiyo Mama a waya da Dokta.

"Ai rajista take musu, ɗana. A inuwa, a kan kujera. Ka san ta da son taimako."

Tana ajiye wayar na ce, "Mama, wace rajista?"

"Ke, rufa wa kanki asiri. Wane namiji ke son mace mai kanta a hannu? Dubi yatsunki kamar na mai fasa dutse."

Na shiga ɗaki na tura masa saƙo: "Ba rajista nake ba. Rami nake haƙawa da diga da shebur."

Ya turo fuskokin dariya jere, ya ce, "Kin iya barkwanci, gimbiya."

To ni me zan ce kuma? Na kife wayar.

Ana haka aka aiko cewa mahaifiyarsa za ta zo gidanmu ta gan ni, karon farko. Ba a tashi zaɓar rana ba sai ranar gwajin shingaye, da yamma. Na ce Mama ko a matsa da kwana ɗaya.

"In ce wa uwar mutum ta jira saboda kina wasan laka? Auta, kina da hankali kuwa?"

Da ƙyar muka daidaita. Tankar ruwa za ta zo fili da safe, in shiga ramina in fito, in dawo gida in yi wanka in shirya kafin baƙuwa ta iso. Mama ta sauya labulen falo, ta fito da farantan nan na cikin kabad da ko kallonsu ba a yarda mu yi ba. Ta shimfiɗa min doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya a kan gado, ga mayafi, ga takalmi mai tsini, ga turaren da take ɓoyewa a bayan akwati.

Ana gobe da yamma saƙon Dokta ya shigo: "Yayanki ya nuna min bidiyonki. Ashe da gaske ne. Ya kuma faɗa min dokar mai usur ɗin nan. Kada ki damu, na san abin yi."

Duk ranar da Dokta ya ce ya san abin yi, wani abu nawa ne zai salwanta.

"Me za ka yi?"

"Ke dai ki huta."

Na leƙa ɗakin Yaya, yana kwance yana kallon ƙwallo. "Yaya, wa ya aike ka?"

"Ni fa yabonki na yi," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Ja min ƙofar."

Da safe na isa fili da ɗokina, har da waƙa a baki. Tun daga nesa na hango Barkono tsaye ta riƙe ƙugu, Koci a gefenta ya harɗe hannu. Na duba inda ramina yake, ban ga rami ba. Tudun farin yashi ne a wajen, an baje shi sumul, turakuna sun nutse, ga sawun tayar babbar mota ya bi ta kan wasu ya karya su.

"Tifa ce ta zo da sassafe," in ji Barkono. "Direban ya ce wa maigadi gudummawa ce daga wani likita, an ce a juye a cikin rami."

Na durƙusa na damƙi yashin, mai laushi ne, wankakke, irin mai tsada. Ko a ɓarna Dokta ba ya sayen na banza.

Koci ya yi gyaran murya. "Na mayar da tanka, na ce ta dawo sawun ƙarshe da yamma. In ta zo babu rami, na cire shi, mata su zagaye. Maza na kan katanga da igiya, ba ni da hannun da zan ba ki."

Na koma gefe na kira Dokta. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa har rawa take don murna.

"Kin gani? Ya yi kyau?"

"Ka cike min rami."

"Ban cike ba, na gyara. Rarrafe ai rarrafe ne, ko a laka ko a yashi. Kin san irin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan da ya kwanta? Yanzu sai ki bi ta kai ki karkaɗe riga, ko wanka ba sai kin sake ba. Kin cika doka, kin kuma iso wa Hajiyarmu tsaf."

"Dokta, ramin laka ne. Lakar ita ce shingen."

"To ai na sauƙaƙa wa kowa ke nan."

"Wa ya ce maka sauƙi muke nema?"

Na san ya ji zafi, kuma wallahi ni ma na ji zafin jin zafinsa, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Mutum ya yi maka ɓarna, kuma kai ne za ka koma kana jin kamar ka yi laifi. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da ba zai ɗebu ba.

Barkono ta miƙo min shebur. "Kuka ko aiki?"

"Duka biyun," na ce.

Muka fara kwasa. Yashi bai kai ƙasa tauri ba, amma ka ɗebi nan can ya zubo. Muna cika baro muna turawa gindin katanga, inda Koci ya ce a zuba don masu dira, ko banza yashin ya yi rana. Wasu 'yan mata biyu daga rumfa suka ga abin ya yi mana yawa suka zo suna tura baro. Rana ta take, gumi na shiga min ido, tsohon bororon da ya warke ya sake tashi. Wayata na kan turke tana ta zillo da saƙonnin Mama.

"Auta kina ina?"

"Ruwan wankanki ya huce."

"Sun taso fa."

"Wallahi kada ki kunyata ni a idon mutane."

Na rubuta mata: "Mama, an cike min rami, ina kwashewa. Ki ba baƙuwa haƙuri." Amsa ta zo nan take: "Ramin gidanku." Ko da yake gidan namu nata ne, ban tuna mata ba.

Mun ci fiye da rabi sai ga motar Dokta. Ya sauke mahaifiyarsa a gidanmu, ya zo ɗaukata. Ya fito cikin farar riga da baƙin takalmi mai sheƙi, yana zaɓar inda zai taka. Da ya gan ni a cikin rami, yashi har gira, ya tsaya cak.

"Subhanallahi. Gimbiya, fito. Bari in kira leburori, yanzu za su gama."

"Ba na so."

"Hajiya na zaune a falonku."

"Na sani. Ramina ma yana nan a cike." Na nuna masa wani shebur da ke soke a bakin ramin. "In kana so mu tafi da wuri, ga shi can."

Ya dubi shebur, ya dube ni. Sai ya cire agogo ya sa a aljihu, ya fara naɗe hannun riga. 'Yan uwa, ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi wani irin tsalle. Na ce yau dai mutumin nan ya ji ni. Ya sauko cikin ramin, ya wuce wancan shebur ɗin ko kallonsa bai yi ba, ya zo ya zare nawa daga hannuna.

"Je ki zauna a mota, na bar miki sanyi a kunne."

Hausawa sun ce ba a ƙwace wa yaro garma, in ya ji nauyi shi zai ajiye da kansa. Ni ban ce na gaji ba. Na haura na fizgo ɗayan shebur ɗin, na koma can ƙarshen ramin na ci gaba.

Ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai iya ba, rabin abin da ya ɗebo a kan takalminsa yake zubewa, amma bai tsaya ba. Farar rigar ta manne masa a baya, hannun da bai saba riƙe abin da ya wuce ɗan madubin duba haƙori ba ya yi jajir. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗago ya ce, "Ki huta mana." Barkono ta raɗa min, "Wannan ko aljanna aka ce ki shiga, zai ce bari ya shigar miki." Na yi dariyar da ban shirya ba, hawaye na biye da ita.

Tanka ta iso muna kafa turke na ƙarshe. Aka saki ruwa, jar ƙasar ta sha ta yi kauri, muka tattake ta da ƙafa, aka ɗaure raga. Ramina ya dawo. Koci ya busa usur, duk 'yan sa-kai suka bar abin da suke suka taru.

"Mai rami a gaba," ya ce. "Sai duk wanda ya sa hannu." Ya nuna Barkono, ya nuna 'yan matan baro, sannan ya juya. "Har da kai, Likita."

"Ni? Ai ni taimako kawai na yi."

"Da safe ka sa hannu, da yamma ka sa hannu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Aka bushe da dariya. Dokta ya dubi lakar nan tana ƙyalli. Mutumin da ke goge cokali da tishu a gidan mutane. Ya sunkuya ya cire takalmi, ya cire safa ya ninke ta ya sa a ciki. A raina na ce, in har ya biyo bayana, na yafe fenti, na yafe direba, na yafe tifa.

Ya miƙe ya ce, "Koci, in na shiga sau biyu, nawa da nata, za ka ƙyale ta?"

Wasu suka yi tafi. Wata a bayana ta ce, "Wayyo, so!" Ni kuwa ji na yi kamar an sake juye min wata tifar, wannan karon a ƙirji.

"Dokta," na ce, "ka taɓa tambayata ko ina so in shiga?"

"Haba, wa zai so shiga wannan?"

"Ni."

Na miƙa wa Barkono wayata tana ta ruri, na ɗaure ɗankwalina tamau, na kwanta rub da ciki.

Sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Laka ta shiga hannun riga, ta shiga kunne, na ɗanɗana ta a baki. Na ja jiki da gwiwar hannu, raga na shafar bayana ba ta kama ni ba, daidai yadda na auna. Babu dutse ko ɗaya, babu kwalba. Kowane taƙi na wajen na san shi. Ina jin ihun mutane sama-sama, amma ni abin da nake ji shi ne daɗi, irin wanda na manta rabona da shi.

Da kaina ya fita daga ƙarƙashin raga a ɗaya ƙarshen, abin da na fara gani takalma ne. Ɗaya na Mama ne, na fita unguwa. Ɗayan fari ne mai ɗan tudu, a ƙarƙashin wani leshi mai nauyi da ban sani ba. Can baya ga Yaya yana kaɗa makullin mota, yana kallon sama kamar ba shi ya kawo su ba.

"Na ce tunda aikin alheri ya riƙe ta, gara mu zo mu same ta," in ji mai leshin, murya a nitse. "Ina rumfar rajistar take?"

Mama ta dube ni. Laka ta rufe ni ruf, ido kawai ake gani, amma ta gane ni, don tsohon ɗankwalinta ne a kaina. Ta kama hannun baƙuwar.

"Can gaba ne, Hajiya. Mu ƙarasa, kada a ɓata miki kaya."

Da na ci gaba da kwanciya, da sun wuce. Da na zagaya ta bayan tanka na wanke jiki, Mama ta san yadda za ta ɗinke sauran. Idonta roƙona yake, kuma Allah ya sani ban taɓa son ganin Mama cikin kunya ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na dafa ƙasa na miƙe, laka na ɗiga daga haɓata. Na ɗan rusuna yadda aka koya min.

"Barka da yamma, Hajiya. Ni ce Auta." Na nuna bayana. "Wannan ramin, ni na haƙa shi."

Mama ta saki hannun baƙuwar. Hajiya ba ta amsa gaisuwata ba. Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, sannan idonta ya wuce ta kan kafaɗata zuwa can bakin ramin, inda ɗanta ke tsaye ba takalmi, ƙafa ɗaya a laka, ɗaya a tudu.